400V ko 275V: wace kafasita ce za ta jure wutar soket idan babu taransifoma?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai gyaran fitilun caji a Agege, cikin Legas. Yana son haɗa ɗan sakit da zai riƙa kunna fitilar ƙofar gida da kansa idan duhu ya yi, da rile mai 12V (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa), ba tare da taransifoma ba, kafasita, wato 'yar na'urar da ke riƙe caji, ita kawai za ta rage wutar. Kafasita uku ne a hannunsa: wata ja mai rubutun 105J 400V, wata ruwan ƙasa mai 250V, da wata rawaya mai siffar akwati da aka rubuta wa X2 275V~. Mai shagon da ya sayar masa a kasuwar Alaba ya ce jar ce ta fi ƙarfi, tunda 400 ta fi 275. Yana tambaya ko haka ne, kuma ko kafasita mai gwangwani (irin mai fulos da mainas) ta 16V ta isa a ɓangaren da wutar ke fita.

Ƙanena, rawayar za ka ɗauka. Mai shagon ya kwatanta lambobi biyu da ba a ma'auni ɗaya aka auna su ba. Wannan 400V da ke jikin jar, boltej ne na DC, wato wuta mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. Ita kuwa 275 ɗin, dubi 'yar lanƙwasar da ke bayanta, ko haruffan AC, wato wuta mai juyawa gaba da baya: kamfanin yana gaya maka cewa an yi ta ne domin ta zauna a kan wutar soket dare da rana.

Mu fara da abin da ke cikin soket ɗin. Wutar gida a Najeriya 230V ce, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Amma 230 ɗin da mitarka ke nunawa wani irin matsakaici ne. A kowane juyi wutar tana hawa har ƙololuwarta, kuma ƙololuwar ita ce 230 sau 1.414, wato kusan 325V. Kafasita ba ta san matsakaici ba, ƙololuwar take ɗauka, sau ɗari a kowace daƙiƙa, sau ɗaya ta wannan gefe sau ɗaya ta wancan. A irin wannan sakit ɗin kuma kusan duk wutar a kanta take sauka, domin 12V kaɗai ake bari ta wuce. Daga nan ka ga mai 250V ta fita daga lissafi tun kafin a fara. Mayar da ita aljihun tebur.

Saura jar. Mutum zai ce to ai 400 ta wuce 325, akwai rarar 75. Idan wuta ta hau da kashi 10 cikin ɗari, ta kai 253V, wanda ba baƙon abu ba ne a unguwar da ke kusa da taransifoma da tsakar dare, ƙololuwar ta zama 358V, rarar ta koma 42. Wannan ma ba shi ne babban abin ba. Idan ka buɗe takardar bayanan da manyan kamfanoni ke fitarwa a kan irin waɗannan kafasitoci masu leda, za ka ga lambobi biyu suke ba kowace ɗaya, kuma sau da yawa wadda aka rubuta wa 400V DC, kusan 200V AC kawai aka yarje mata. Ka ga ke nan tun ranar da ka jona ta a soket ta riga ta wuce iyakarta.

Dalilin wannan tazara yana cikin yadda aka ƙera ta. Leda ce siririya ƙwarai, aka fesa mata ƙarfe wanda ya fi ta siranta nesa ba kusa ba, aka naɗe. Duk iya naɗin da aka yi, ana samun ƙananan wurare da iska ta maƙale a tsakani. A kan DC, wutar ta hau sau ɗaya ta zauna, iskar ba ta damu ba. A kan AC mai ƙarfin na soket, duk juyin da wutar ta yi sai ɗan tartsatsi ya tashi a cikin wannan iskar, wanda ido ba ya gani, yana cin ƙarfen da ledar kaɗan-kaɗan. Idan ledar ta huje a wani wuri, ƙarfen da ke kewaye da hujin sai ya ƙone ya ɓace, wurin ya rufe, kafasitar ta ci gaba da aiki. Kamar mai yi wa riga faci ne da ƙyallen da ya yanko daga jikin rigar: hujin ya toshe, amma rigar tana ƙara tsukewa. Shi ya sa idan ka ciro irin wannan ja daga tsohuwar fitila ka auna, sai ka tarar mai 1µF (ma'aunin girman kafasita ke nan) ta koma rabi ko ƙasa da haka, alhali jikinta lafiya lau, ba kumburi ba ƙuna. Wani lokacin kuma hujin ya fi ƙarfin facin, ta haɗe gaba ɗaya, wutar soket ta zarce kai tsaye cikin fanel.

Za ka ce ai duk fitilun cajin da kake buɗewa jar ce a ciki, CBB22 400V, kuma suna aiki. Gaskiya ne. Suna aiki na ɗan lokaci, a 'yan sa'o'in da ake caji, kuma wanda ya ƙera su farashi ya duba. Fitilarka ta ƙofar gida kuwa a jone za ta zauna shekara da shekaru, har lokacin da kowa ya yi barci. Araha ba ta ado.

Ita X2 aji ce a ƙarƙashin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60384-14, wadda ta tsara kafasitocin da ake jonawa a layin wuta. Ana gwada X2 da bugun wuta har 2,500V, X1 kuma har 4,000V, kuma ana gwada su a kan kamawa da wuta. Wannan bugun shi ne abin da lissafin 325 ɗinmu bai nuna ba. Duk sanda aka dawo da wuta, ko injin famfon rijiyar burtsatse ya tashi ko ya tsaya, ko mai walda a layinku ya ɗosana, ko tsawa ta sauka kusa da wayoyi a damina, ana samun ɗan tsalle na ƙiftawar ido da kan kai ɗaruruwa, wani lokaci dubban bolt. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita sau da dama a yini, ana kuma juya makunnin canji tsakanin NEPA da janareto, kafasita tana shan irin wannan dukan fiye da 'yar'uwarta da ke ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa. Akwai kuma ajin Y, wanda ake sawa tsakanin layin wuta da jikin na'ura inda lalacewa za ta iya jan mutum. Ba shi kake nema ba, kuma ba a cika samunsa da girman da kake buƙata ba.

X2 ɗin ma hawa-hawa ce. Za ka ga 275V~, 305V~ da 310V~. Ta hannunka mai 275 za ta yi, amma idan ka koma kasuwa, ni 305 ko 310 zan ce ka nema, saboda yadda wutarmu ke hawa da sauka, da kuma ƙananan janaretocin nan da boltej ɗinsu ke tashi idan babu kaya a kansu.

Akwai wani abu da ba kowane mai sana'ar ya sani ba, kuma ya shafe mu a Legas fiye da mutanen Kano ko Sakkwato. Asalin aikin X2 shi ne tace hayaniyar wuta a bakin na'ura. A wancan aikin, ko ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na girmanta ba wanda zai lura. A naka aikin kuwa girmanta shi ne ke yanke yawan karant, wato wutar da ke gudana, da sakit zai samu. Ta ragu da kashi 20, karant ya ragu da kashi 20. Babban abin da ke cinye ta shi ne danshi. Tururin ruwa yana ratsa robar akwatin a hankali, ya haɗu da wutar AC, ya ci siririn ƙarfen nan. Danshin iskar Legas yakan wuce kashi 80 cikin ɗari a yawancin watanni, ga gishirin teku ga wanda ke wajen Apapa, Lekki ko Ajah. Alamar ciwon ita ce bayan wani lokaci rile ya fara karkarwa, ko ya ƙi kamawa idan wuta ta yi ƙasa, mai gyara ya yi ta canza rile da tiransisto, alhali kafasitar ce ta rame. Saboda wannan matsalar, wadda masu ƙera mitocin wuta na zamani suka sha fama da ita, kamfanoni suka fitar da X2 ta musamman domin wannan aikin, irin F1772 ta Vishay da jerin B3293 na TDK. Wasu an raba cikinsu gida biyu a jere domin kowane gida ya ɗauki rabin wutar, wasu an gwada su sa'a 1,000 a zafin digiri 85 da danshi kashi 85 suna jone da wuta. Za ka ga an rubuta THB a bayanansu. Samun su a kan tebur a Alaba ko Oshodi sai an dace, galibi sai an yi oda. Idan abu ɗaya kake haɗawa na gidanka, X2 ta yau da kullum ta isa, ka dai ba ta rarar girma kuma ka rufe akwatin da kyau. Idan kuwa guda ɗari za ka haɗa ka sayar da sunanka a jiki, yin odar ya fi maka sauƙi a kan kayan da za a riƙa dawo maka da su.

Wata mafita da ke kusa da hannu ita ce kafasitar fanka, baƙar nan mai wayoyi biyu, CBB61, mai rubutun 450V AC. Ita ma an yi ta ne domin ta zauna a kan AC tsawon lokaci, kuma ana samun ta daga 1µF zuwa sama. Ba ta da shaidar gwajin X2, tana da girma, amma ta fi jar nesa. Ka dai lura da lambarta, domin ta fankar sama yawanci 2.5µF ce ko kusa da haka, ta yi maka yawa. Haɗa ja biyu masu 2.2µF a jere kuma, su ba ka 1.1µF kowace ta ɗauki kusan rabin wutar, dabara ce ta ranar da ba yadda za a yi. Mai gwangwani, mai fulos da mainas, ba ta shiga wannan gurbin ko da 450V aka rubuta mata. AC za ta fasa ta.

Game da girma, 105 na nufin 1µF, 474 na nufin 0.47µF, J kuma kuskuren kashi 5, K kashi 10. A wutarmu, idan ka yi amfani da dayod huɗu masu mayar da AC zuwa DC, kowace 1µF tana ba da kusan 60mA na DC. Da tsarin da ke amfani da rabin juyin wutar kawai kuwa kusan 30mA. Ƙaramin rile mai 12V yana cin kusan 30mA, sauran sakit ɗin ka ce 5mA. Kada ka yi lissafi da 230V, yi da ranar da wuta ta faɗi zuwa 180V, lokacin 1µF ba ta wuce 48mA ba. Cire abin da tsufa zai ci, sai ka ga 1µF ce daidai da kai. Ga wata dabara: irin wannan sakit karant yake ƙayyadewa, boltej kusan kyauta ne. Rile mai 24V irin wancan girman kusan 15mA yake ci. Ka koma 24V, sai 0.47µF ta ishe ka, komai ya ragu, har zafin.

Yanzu ɓangaren fita, inda ka tambayi 16V. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan sakit ɗin ba shi da boltej nasa na kansa. Kafasitar tana tura karant ne kawai, boltej kuma ya yi ta hawa har sai wani abu ya tare shi. Zena, wato dayod ɗin da ke tsayar da boltej a wata lamba, ita ce ke tarewa. Ka cire ta, ka cire kayan da ke cin wutar, mai gwangwanin za ta yi ta cika tana neman 325V har ta fashe. Saboda haka lambar da za ka zaɓa tana bin zenar ne. A kan zena mai 12V, 16V za ta yi aiki amma ta matse. Sa 25V, bambancin kuɗin ba ya da yawa. A kan 5.1V sa 16V, a kan 24V sa 35V ko 50V. Ka zaɓi mai rubutun 105°C, ba 85°C ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce duk saukar zafi na digiri 10 yana ninka rayuwarta, don haka mai sa'a 2,000 a digiri 105 za ta kai kusan sa'a 32,000 a digiri 65. Akwatin roba da rana ke duka a jikin katanga yana ɗaukar zafi sosai, kada ka raina wannan.

Ka riga ka san wannan ciwon a fitilun da kake gyarawa, ko da ba ka ba shi suna ba. Yawancinsu ba su da zena. Ɗan batirin nan mai 4V shi ne ke riƙe boltej. Ran da batirin ya bushe ya daina karɓar caji, ba mai tarewa, mai fitila ya jona ta a soket tana kunne, ƙwayayen su ƙone gaba ɗaya. Haka ƙwan fitila mai araha: ƙwaya ɗaya ta yanke a cikin jerin, sai mai gwangwani ta 50V ko 100V ta sami kanta a gaban wutar da ta ninka ƙarfinta. A duk sakit ɗin da kaya za su iya yankewa kuma babu zena, ko dai ka ƙara zena, ko mai gwangwanin ta zama 400V.

Tunda rayuwar mai gwangwani a hannun zena take, kada ka yi wa zenar rowa. Da rana, rile a kashe, duk karant ɗin ta cikinta yake bi. A 253V, da kafasitar da ta ɗara lambarta da kashi 10, kana maganar kusan 76mA sau 12V, wat 0.9. Zena mai wat 1 irin 1N4742A tana bakin gaɓa ke nan, a cikin rufaffen akwati. Sa 1N5349B mai wat 5, ko ka jera biyu masu 6.2V su raba zafin. Dayod kuma 1N4007, ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Rezistoci biyu ne ke tafiya da kafasitar, kuma su ma suna da iyakar boltej, abin da mutane ke mantawa. Ta farko ita ce wadda ake ɗorawa a kan ƙafafunta domin ta zubar da cajin idan an zare fulogi, don kada ta ja mai taɓa ƙarfen. Ƙaramar rezista mai kwatan wat yawanci 250V ce iyakarta, ƙasa da 325 ɗinmu. Sai ka jera biyu masu 470k. Da 1µF, cikin daƙiƙa biyar wutar ta zube kusan duka. Ta biyu ita ce wadda ke jere da kafasitar, mai rage dukan farko. Kafasitar da ba caji a cikinta, lokacin da aka jona ta, tamkar waya ce. Idan jonawar ta dace da ƙololuwa, 325V a kan ohm 100 ya wuce amfiya 3. Mafi muni shi ne a ɗauke wuta tana riƙe da 325 ta wannan gefe, a dawo da ita nan take a ƙololuwar ɗaya gefen, abin da soket mai sako-sako ko makunnin canji ke iya jawowa: 650V ke nan a kan rezistar, amfiya shida da rabi, kuma wannan dukan yana ratsa dayod da zena. Sa ohm 100 zuwa 220, mai wat 2, irin wadda ba ta kamawa da wuta, wadda ke yankewa kamar fiyus. A gabanta ka sa ƙaramin fiyus, bayansa baristo, mai shanye tsallen wuta, tsakanin layi biyun, 14D471K, wadda ke jure har 300V AC kafin ta fara tarewa. Baristo ba fiyus a gabanta haɗari ce, domin idan ta gaji haɗewa take yi ta yi zafi. Ita da fiyus ɗin ne kuma za su cece ka ran da nutiral ya yanke a kan turke, wutar layi biyu ta haɗu, kusan 400V ta shigo gida. A wannan ranar X2 mai 310 ma ta wuce iyakarta; abin da kake fata shi ne fiyus ya riga ta tafiya.

Ka tambayi mai gidan ko yana da inbata, kuma wace iri. Masu arahar nan da wutarsu ke hawa tsalle-tsalle maimakon lanƙwasa mai santsi su ne ajalin irin wannan sakit. A kowane tsalle kafasitar tana cika ne ta cikin rezistar kaɗai. Tsalle huɗu na kusan 300V a kowane juyi, da 1µF, lissafin yana ba da kusan wat 9 a kan rezistar da a wutar NEPA rabin wat take ɗauka. Ba lambar kafasitar da za ta gyara wannan. Janareton da ke gudu fiye da ƙima shi ma yana ƙara karant daidai da ƙarin gudunsa: ya kai juyi 60 a maimakon 50, karant ya ƙaru da kashi 20.

Wajen saye, X2 ta gaske tana ɗauke da tambarin hukumomin gwaji, irin ENEC, VDE, UL ko CQC, da sunan kamfani da lambar jeri. Tambari dai ana iya buga shi a jikin komai, saboda haka ka duba girma: X2 mai 1µF tana da jiki, idan ka ga wata ƙanƙanuwa marar nauyi da wannan lambar, ka yi shakka. Ka tafi da mitarka ka auna a gaban mai shago. Wadda aka ciro daga tsohon fanel ɗin talabijin ko na kwamfuta sau da yawa ta kamfanin kirki ce, amma ita ma sai an auna, domin ba ka san abin da danshi ya riga ya ci ba.

Duk wannan bai raba sakit ɗinka da wutar soket ba. Wannan 12V ɗin, tsakanin wayoyinta biyu ne take 12. Tsakaninta da ƙasar da kake tsaye a kai tana iya zama cikakkiyar wutar NEPA, kuma da dayod huɗu, duka wayoyin biyu suna ja ko ta wane gefe ka juya fulogi. Don haka komai a cikin akwatin roba, har 'yar na'urar da ke ganin hasken, ta leƙo ta bayan roba mai haske, ba waya ko ɗaya da za ta fito inda hannu ko ruwan sama zai taɓa. Kada ka taɓa fitar da kan USB ko wayar cajin salula daga irin wannan haɗi. Lokacin gwaji, ka maƙala wayoyin mita tun kafin ka jona, ka jera ƙwan fitila mai zare a layin domin ya haska idan wani abu ya haɗe, kuma bayan ka zare ka auna kan kafasitar kafin ka sa yatsa. Idan abin da kake haɗawa zai ci fiye da 60 zuwa 100mA, ko akwai inbata mai tsalle a gidan, ko akwai wani sashe da mutum zai taɓa, bar wannan tsarin gaba ɗaya, ka sa kayan cikin wata tsohuwar caja mai kyau, ko ɗan ƙullin nan na Hi-Link, HLK-PM01 mai 5V ko HLK-PM12 mai 12V, waɗanda ke da 'yar taransifomarsu a ciki.